Jego Ɗaya, Dokoki Barkatai: Hutun Haihuwa Da Jinya A Birnin Kudu Da Gwaram

A Birnin Kudu ba a gardama a kan tsawon jego. Daga cikin gari har Sara da Basirka da Fagam a ƙasar Gwaram, lissafin ɗaya ne: ranar bakwai a raɗa suna, a ci gaba da wanka da kunun kanwa har kwana arba'in, sannan mai jego ta fara leƙa waje. Gardamar tana tashi ne idan mai jegon ma'aikaciya ce. A nan ba a tambayar yadda haihuwar ta zo, ko tiyata aka yi mata, ko tagwaye ta haifa. Abin da ake dubawa shi ne wa yake biyan ta albashi.

Garin yana da abin da garuruwa da yawa a Jigawa ba su da shi, wato dukkan hawa ukun gwamnati suna ɗaukar ma'aikata a wuri guda. Ga Cibiyar Lafiya ta Tarayya, wadda kowa ke kira FMC. Ga kwalejin koyon aikin jinya da ungozoma ta jiha, da tsohuwar Kwalejin Gwamnati da ta yaye manyan mutane. Ga sakatariyar ƙaramar hukuma da makarantun firamare da ƙananan asibitocin karkara. A gefensu kuma akwai makarantun kuɗi, da kemis, da gidajen mai, da gidajen burodi, da masu shagon POS. Mata huɗu za su iya haihuwa a ɗaki ɗaya cikin dare ɗaya, kowacce ta koma gida da hukuncin da ya sha bamban da na 'yar'uwarta.

Wadda ta fi samun sauƙi ita ce ma'aikaciyar tarayya. Ƙa'idojin aikin gwamnatin tarayya na shekarar 2008 sun ba ta mako 16 da cikakken albashi, kuma idan ta dawo tana da sa'a biyu a kullum na shayarwa har tsawon wata shida. Mijinta ma, in ma'aikacin tarayya ne, ya samu rabonsa: a watan Satumba na 2021 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da hutun kwana 14 ga namijin da matarsa ta haihu, kuma ofishin Shugabar Ma'aikata ta wancan lokaci, Folasade Yemi-Esan, ya fitar da takardar aiwatarwa a 2022. An dai yi masa iyaka, sau ɗaya a shekara biyu, kuma ga 'ya'ya huɗu kawai. Duk wanda ya san gidajen wannan yanki, inda mai mata biyu ko uku kan yi suna sau biyu a shekara guda, ya san ba da su aka auna wannan iyaka ba.

Ma'aikaciyar jiha ba ta ƙarƙashin waɗannan ƙa'idoji. Kowace jiha ita ke tsara sharuɗɗan aikin ma'aikatanta, shi ya sa taswirar Najeriya ta zama dabbare-dabbare. Legas ce ta fara a 2014, zamanin Babatunde Fashola, da hutun wata shida a haihuwar fari da ta biyu, da kwana goma ga maza. Enugu ta biyo baya a 2015. Kaduna ta zama ta farko a Arewa a 2019, a mulkin Nasir El-Rufai, sannan Ekiti da Oyo suka shiga layi. Hujjar duka ɗaya ce: Hukumar Lafiya ta Duniya tana so a shayar da jariri nonon uwa zalla har wata shida, alhali binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 29 cikin ɗari ne kawai na jarirai ke samun haka. Ba a cewa uwa ta ba da nono zalla wata shida, sannan a ce ta koma aji ko ɗakin marasa lafiya tun jaririn bai iya zama ba.

Amma duk wannan alheri, na tarayya da na jihohi, ya tsaya ne a kan wanda ake kira ma'aikacin dindindin. A ƙarƙashinsa akwai rundunar da ba kasafai ake ambata ba: matasan N-Power da aka fara ɗauka a 2016 kafin a dakatar da shirin a 2023, malaman J-Teach da ma'aikatan J-Health da Jigawa ta ɗauka na wucin gadi, masu aikin sa kai a asibitocin karkara, da masu shara da gadi waɗanda a hukumomin tarayya da yawa 'yan kwangila ne ke biyan su. Waɗannan alawus suke karɓa, ba albashi ba, kuma haƙƙin kowannensu yana rataye ne a kan abin da takardar ɗaukarsa ta ce, ko kuma kirkin hedimasta da shugaban asibiti. Mai sharar ɗakin haihuwa tana iya shekara tana wanke jinin wasu, ranar tata haihuwar kuma ta tarar ma'aikatar da take yi wa hidima ba ita ce uwar gidanta a idon doka ba.

Sai kuma kowa da kowa, wato masu aiki a hannun 'yan kasuwa. Su dokarsu ita ce Dokar Ƙwadago, wadda asalinta dokar soja ce ta 1974, zamanin Janar Yakubu Gowon. Sashe na 54 ya ba mai ciki damar barin aiki mako shida kafin haihuwa idan ta kawo takardar likita, ya kuma haramta sa ta aiki a mako shidan da ke biye da haihuwar. Idan ta yi wata shida tana aiki a wurin, dole a biya ta aƙalla rabin albashinta a wannan lokaci. Idan ta dawo tana da rabin sa'a sau biyu a rana don shayarwa. Ba a yarda a sallame ta tana cikin hutun ba, ko a ba ta sanarwar sallama da wa'adinta zai ƙare a cikinsa. Sashen ya haɗa har da ayyukan gona, abin da ya kamata manyan manoman da ke ɗaukar ma'aikatan wata-wata su sani. Sashe na 16 kuma ya ba ma'aikaci kwana 12 na rashin lafiya a shekara da albashinsa, muddin likita ya tabbatar.

Mako shidan bayan haihuwa kwana 42 ne, kusan daidai da arba'in ɗin da al'ada ta sani. Wato abin da dokar ƙasa ta wajabta bai wuce abin da kakanninmu mata suka tsayar ba tun kafin a yi boko.

Ko wannan ɗan abin ma yana da ɓaraka. Sashe na 91, inda aka fassara waye ma'aikaci, ya fitar da masu aikin gudanarwa da na shugabanci da na fasaha da na ƙwarewa. An rubuta dokar ne da lebura da akawu a zuciya, bisa zaton cewa mai takardar ilimi zai iya yi wa kansa ciniki. Shi ya sa lauyoyi da yawa ke ganin malamar makaranta mai NCE, da nas a asibitin kuɗi, da mai gwajin jini, ba sa cikin waɗanda sashe na 54 ya kare kai tsaye. Su ne kuwa mafi yawan matan da ke aikin albashi a wajen gwamnati a Birnin Kudu da Gwaram. Zaton cewa yarinyar da ta gama kwaleji, ta shekara biyu tana neman aiki, za ta zauna gaban mai makaranta ta gindaya masa sharaɗin hutun haihuwa, zato ne na wanda bai taɓa neman aiki a nan ba.

Me ya hana Majalisar Dokokin Jigawa ta toshe wannan ɓaraka? Tsarin mulkin 1999 ne. Abu na 34 a jerin abubuwan da tarayya kaɗai ke yi wa doka shi ne ƙwadago, da ƙungiyoyin ma'aikata, da yanayin aiki, da mafi ƙarancin albashi. Gwamna yana iya ƙara wa ma'aikatansa hutu a matsayinsa na ubangidansu, amma ba zai iya kafa wa mai gidan mai doka a kan ma'aikatansa ba. Ko wata shidan Legas da Kaduna bai taɓa ma'aikaciyar kamfani ba.

A Amurka abin juyi ne. Dokar hutun iyali da jinya ta tarayya, wadda Bill Clinton ya sa wa hannu a Fabrairun 1993, ta ba da mako 12 ba albashi, kuma ta shafi kamfanin da ke da ma'aikata 50 ko fiye ne kawai, ga wanda ya shekara yana aiki kuma ya yi sa'a 1,250. Wannan shi ne ƙasan bene, kuma an bar wa jihohi su ɗora. Kalifoniya ta kafa hutun iyali mai biya a 2002, aka fara biya a 2004, New Jersey ta bi a 2009, New York a 2018. Ciwon kan mai kamfani a can shi ne dokoki biyu ko uku suna hawa kan ma'aikaci ɗaya, sai ya lissafa wanne hutu ke tafiya tare da wanne, wa za a sanar, wace takarda za a cike. Ƙa'idar warware rikicin kuwa a fili take: dokar tarayya ba ta shafe dokar jiha da ta fi ta alheri ba, don haka ma'aikaci yana cin moriyar wadda ta fi. A nan kuwa dokokin ba hawan juna suke ba, kowacce ta kama nata layin, kuma tsakanin layi da layi akwai ramin da mutane ke faɗawa.

Yana da sauƙi a zagi mai makarantar kuɗi, amma a duba littafin kuɗinsa tukuna. A ɗauka, don misali, yana biyan malama naira dubu 30 a wata. Rabin albashi na mako 12 ya kama kusan dubu 42. Aji ba ya zama babu malami, don haka zai ɗauko wata ta riƙe, ita ma a biya ta. Kuɗin makaranta kuwa zango-zango yake shigowa, wasu iyayen sai an yi girbi an kai amfani kasuwar Sara. A jihar da binciken 2018 ya ce mace kan haifi 'ya'ya bakwai a matsakaici, makaranta mai malamai mata goma da wuya ta shekara ba a yi suna biyu ko uku ba. Abin da yakan biyo baya sananne ne. A ce wa malama ta je ta huta, in ta yi arba'in ta dawo, in da gurbi. Ko a riƙa fifita ɗaukar maza da 'yan mata, a yi wa matar aure uzuri tun a bakin ƙofa. Ba a rubuta komai, don haka ba abin da za a nuna wa kowa. Ita kuma malamar ba ta ɗauke shi zalunci ba, domin ba ta taɓa jin akwai sashe na 54 ba, kuma mai makarantar wataƙila abokin mahaifinta ne, tana ce masa Baba.

Wannan uzuri ne, ba hujja ba ce. Mai dukiyar da ya iya biyan kuɗin rajista da harajin gwamnati da kuɗin mai gadi bai kamata ya ce haƙƙin mai jego ne kaɗai ya fi ƙarfinsa ba. Sashe na 7 na dokar ya wajabta masa bai wa ma'aikaci rubutaccen bayanin sharuɗɗan aiki kafin a cika wata uku, har da batun hutu da biyan rashin lafiya. Wannan takarda ba ta cin ko kwabo, kuma rashinta ne tushen yawancin rigingimun.

Wanda ya karya doka kuwa ba ya jin tsoro, don ba abin tsoro. Tarorin da ke cikin Dokar Ƙwadago da kuɗin shekarun 1970 aka rubuta su, 'yan ɗaruruwan naira. Masu sa ido ma'aikatan tarayya ne, ofishinsu yana Dutse, kuma ba a tsammanin ganin su a wata makaranta a bayan Gwaram. Kotun majistare da ta shari'a da ke kusa ba su da hurumi, domin gyaran tsarin mulki na 2010 ya miƙa duk shari'ar aiki ga Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Kotun ta nuna ba ta wasa. A 2012 ta ci wata ƙungiyar lafiya ta ƙasa da ƙasa diyya saboda sallamar ma'aikaciya don ta samu juna biyu, a 2023 kuma ta soke ƙa'idar 'yan sanda da ke korar 'yar sandar da ta yi ciki ba aure. Tana kuma da ikon duba kyakkyawan tsarin aiki na duniya, abin da ke ba malama da nas mafaka ko da sashe na 91 ya bar su a waje. Sai dai wadda ake takaddamar dubu 42 da ita ba za ta ɗauki lauya ta yi ta zirga-zirga da goyo a baya ba. Hukuncin yana amfanar wadda ke da ƙarfin zuwa.

Akwai kuma abin da dokar ba ta ko ambata ba, alhali shi ya fi cin ma'aikata a wannan yanki: jinya. Duk wanda ya taɓa shiga babban asibiti a Arewa ya ga masu jinya a baranda da tabarmi da kwanuka. Su ke sayo magani, su nemo jini, su juya marar lafiya, su wanke shi. Asibiti ba ya tafiya sai da su. Dokar Amurka, duk da rowarta, ta yarda mutum ya ɗauki hutun don jinyar mata ko miji, ko ɗa, ko iyaye. Dokar Ƙwadago ta Najeriya ba ta san mai jinya ba. Ma'aikacin gwamnati yana iya lallaɓawa da 'yan kwanakin hutun uzuri da hutunsa na shekara. Direban gidan burodin da mahaifiyarsa ta kwanta wata guda sai dai ya roƙi Alhaji, in ya ga dama ya bar shi, in ya ga dama ya ba wani motar. Haka takaba. Wata huɗu da kwana goma wajibi ne a kan matar da mijinta ya rasu, kuma dokar ba ta tanadi ko kwana ɗaya dominta ba. A garin da kusan kowa Musulmi ne, barin wannan a hannun tausayin shugaba rashin adalci ne ga matar, kuma nauyi ne a kan shugaban da ke son taimakawa amma ba shi da ƙa'idar da zai dogara da ita.

Mai wannan sharhi yana ganin tushen matsalar guda ne: an ɗora kuɗin haihuwa a aljihun mutum ɗaya. Muddin wanda ya ɗauki mace aiki shi kaɗai zai biya jegonta, to doka da kanta tana koya masa gudun mata. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta gane haka. Yarjejeniyarta mai lamba 183 ta shekarar 2000 ta tsayar da mako 14 da aƙalla kashi biyu cikin uku na albashi, ta kuma ce a biya daga asusun inshora ko baitulmali, ba daga aljihun ubangida shi kaɗai ba. Najeriya ba ta rattaba hannu ba. A Maraɗi da Damagaram ta Jamhuriyar Nijar, ma'aikaciyar da ke da rajista tana da mako 14, kuma asusun inshorar ma'aikata na CNSS yana ɗaukar wani kaso na biyan. Hutun Kalifoniya ma daga ɗan abin da ake cira a albashin ma'aikata ake biyan sa. Dabarar ba baƙuwa ba ce ga matan Birnin Kudu, adashi ne: kowa ya zuba kaɗan, wadda ranarta ta zo ta kwasa.

Kayan aikin ma suna nan. Tun Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010, masu ɗaukar aiki suna zuba kashi ɗaya cikin ɗari na jimillar albashi a asusun NSITF don haɗarin wurin aiki. Majalisar Tarayya tana iya buɗe reshen haihuwa da jinya a kan wannan turba, ta goge togaciyar sashe na 91 a kan batun haihuwa, ta mai da tarorin kuɗin yau. Wannan aikin 'yan majalisar da ke wakiltar yankin ne, kuma abin tambayar su ne idan sun zo neman ƙuri'a.

Jigawa ba sai ta jira Abuja ba a kan abin da ke hannunta. Ita ce jihar da ta kafa asusun fansho na karo-karo ga ma'aikatan jiha da na ƙananan hukumomi tun farkon shekarun 2000, har wasu jihohi ke zuwa koyo, kuma tana da hukumar inshorar lafiya ta JICHMA. Gwamnatin da ta iya wannan za ta iya buɗe asusun jego da makarantun kuɗi da asibitoci za su shiga bisa son ransu, da ɗan tallafin gwamnati a farko. Za ta iya rubuta hutu iri ɗaya ga duk wanda take biya, na dindindin da na wucin gadi, na jiha da na ƙaramar hukuma, ta sa takaba da jinyar iyaye a ciki da adadin kwanakinsu. Za ta iya tanadin malaman riƙo a kowace ƙaramar hukuma, domin dogon hutu ba tare da mai riƙon aji ba yana nufin yara sun zauna ba darasi, kuma a ƙauyen da ungozoma ɗaya ce yana nufin an rufe ɗakin haihuwa. Sannan ita ke ba makarantar kuɗi da asibitin kuɗi lasisi, ita ke ba da kwangilar shara da gadi da abincin makarantun kwana. Ba ta buƙatar taɓa tsarin mulki kafin ta ce wa mai neman sabunta lasisi ko kwangila ya kawo kwafin takardar ɗaukar kowane ma'aikacinsa, a ga mako nawa aka rubuta na haihuwa, nawa za a biya, da kuma sa hannun ma'aikaciyar a ƙasa.